Musayar waƙa: Tsohon da ya rage daga shi sai tattabaru

'Yar Kusugu, Daura:
Assalamu alaikum. Na gama karanta wani ƙagaggen labari da aka gina kan rayuwar Nikola Tesla, wanda ya ƙirƙiro injin da ke aiki da lantarkin AC, irin wutar da ke shigowa gidajenmu. Littafin ya fi tsayawa kan tsufansa a wani otal na New York, inda ya rasu ranar 7 ga Janairu 1943 yana da shekara 86. Amsa-amo "ba", mai iyawa ya ɗora.

Na rufe littafi hawaye na zuba,
Tsoho a ɗaki, ba mai leƙawa ya duba,
Ya haska birane, ransa bai haska ba,
Ba mata, ba ɗa, bai tara dangi ba,
Sai tattabaru, su ne ba su guje shi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa, Katsina:
Haba Yaya, share hawaye ki duba,
Mai haƙar ilimi ba ya zaman daba,
Da ya bi biki da suna, da bai ƙera komai ba.
A 1884 ya sauka Amurka, aljihu bai cika ba,
Ya yi wa Edison mai ƙera kwan lantarki aiki, tafiyar ba ta yi nisa ba,
Baje kolin Chicago na 1893, wa ya ce bai haskaka ba?

Baba Mai Gyaran Rediyo, Ƙofar Ƙaura:
Wannan "ba" taku ko ɗan firamare ya iya ta. Na koma "ri". Littafin ban karanta ba, amma mutumin mun san shi a sana'a.

Ku yara kun bi daɗin labari,
Da alama an zuba wa kaɗaici sukari,
Ni da nake wuni da waya da batiri,
Na san basira ba ta tashi sai da jari.
Attajiri Morgan ya ba shi dala 150,000 da fari,
Ya gina hasumiyar aika saƙo ba waya, gari-gari,
Marconi ɗan Italiya ya riga shi tura saƙo hayin teku da sauri,
Mai kuɗi ya janye hannu, ya ce babu ƙari,
A 1917 aka rushe ta, bashi ya ci wuri.

'Yar Kusugu:
Baba, maganarku dutse, ba ta son ƙari,
Amma bashi daban, zaman kaɗaici shi ne hatsari.
Babin tsuntsayen ya fi ci mini rai a labari:
Ya tsinto mai karyayyen fiffike, ya yi mata ɗori,
Ya auna musu tsaba, shi kuwa madara ce kari.
Mai wannan tausayi, a ce ba shi da kowa a gari?
Da a Daura ne, an tura yaro da kwanon tuwo tun da wuri.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Yaya, tuwon zai je, ban musa ba kuwa,
Amma kin san abin da ke biyowa:
Mai hira da tsuntsu, mai gudun musabaha da kowa,
Sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya da gaggawa,
Yara na bin sa da waƙa, manya ba tsawatawa.
Akwai wani a layinmu, tsohuwar fanka yake kwancewa,
Yana son iska ta ba shi wuta, irin ta Lambar Rimi mai juyawa,
Tuwo ana kai masa, kuɗin waya ne ba mai bayarwa.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
Ɗan Marusa, turo mini yaron nan shago ranar Asabar, ina da matattun fankoki da ƙura ta rufe, ya zo ya kwashi wayar ciki. Ke kuma 'yata, ba direban motar Katsina littafin ya kawo mini. So nake in ga ko marubucin ya bayyana yadda ƙarfin maganaɗisu ke zagayawa ya ja cikin injin ba tare da burushin da ke goga masa wuta ba, ko kuwa duk tawadarsa a kan tattabaru ta ƙare.