In sabunta tikitin kaka ko in haƙura? Kuɗin kwatabak ya cinye ƙungiyarmu

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe suna bin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, musamman masu zuwa fili. Ni da abokin aikina muke haɗa kuɗi mu riƙe kujeru biyu, mu raba wasannin gida tsakaninmu. Wa'adin sabuntawa ƙarshen watan nan ne, kuma sun ƙara kuɗi, kasona ya kai dala 1,400 ban da fakin. Saboda Khalil nake riƙe da kujerar, akwai wani mai cafe ƙwallo da yaron nan yake mutuwar so. A zagaye na biyu na diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi-da-bi duk shekara, aka ɗauko shi, kwantiraginsa na shekara huɗu saura kaka ɗaya. Kwatabak ɗinmu kuwa, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar kai hari, shi kaɗai zai ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na iyakar albashi, wato iyakar kuɗin da aka yarda ƙungiya ta kashe kan 'yan wasanta a shekara. Waɗanda suka taɓa ganin irin wannan, ƙungiya tana iya riƙe su biyun? In za a sayar da shi kafin Satumba gara in sani tun yanzu.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ai suna da zaɓin shekara ta biyar, su ɗaure shi da ita kawai.

Injiniya: Malam Bakatsine, ya ce zagaye na biyu. Shekara ta biyar ta 'yan zagayen farko ce kaɗai. Abin da ya rage wa ƙungiya shi ne tambarin nan da ake riƙe ɗan wasa da shi na shekara ɗaya, kamar yadda Bengals suka yi wa Tee Higgins a 2024 a kan dala miliyan 21.8. Kuma kuɗin tambarin nan gaba ɗayansa yake hawa kan lissafin iyakar albashin shekarar, ba a rarraba shi. In kuwa doguwar yarjejeniya za a yi, tun da Justin Jefferson ya karɓi kwantiragin miliyan 35 a shekara a 2024, duk mai cafe ƙwallon da ya san kansa daga can yake fara ciniki. Sai dai iyakar ma tana hawa: miliyan 255.4 a 2024, ta koma 279.2 a 2025. Wuri yana samuwa in suna so.

Ɗan Zango: Dala 1,400 a kujera ɗaya? An yi maka tsada, yaya. Ni 900 nake biya.

Maman Ummi: A wace duniyar? Maigidana 2,300 ya biya bara, kuma ba kusa da fili ba.

Ɗan Zango: Can sama nake zama Hajiya, kusa da fitilu. Amma ana ganin komai.

Alhaji Direba: Baban Khalil, saurare ni, don ni abin nan ya taɓa gidana. Ba zan kira sunan ƙungiyar ba. Lokacin da suka gina sabon fili suka ce sai ka sayi lasisin kujera kafin ma a ba ka damar sayen tikiti. Ni da mijin ƙanwata muka ɗauki biyu, dala 4,000 kowace, biya kaɗan-kaɗan. A lokacin ƙungiya na cin wasa, kowace bazara sai ka ji an sake fasalin kwantiragin wane, an maida albashinsa kuɗin sa hannu an tura nauyin gaba. 'Yan jarida suna ta yabon manaja wai gwanin lissafi ne. Ranar da nauyin ya taru, cikin mako guda na watan Maris suka sallami mutum uku da muke zuwa kallo, suka sayar da na huɗu. Ina kan hanya da tirela 'yata ta kira ni tana kuka, jesin da na saya mata da sallah sunan wanda aka kora ne a baya. Kakar da ta biyo baya sai ka shiga fili a Disamba, ƙanƙara kwance a kan kujeru layi-layi ba wanda ya share, don ba mai zama. Na sa tikitina a kasuwa dala 25, har aka tashi wasa ba wanda ya taya. Kuma in ka ƙi sabuntawa lasisin ya tafi. Surukina ya ce shi ya fita, ya bar ni da bashin kujeru biyu. Maganar ta kai har gida wajen iyaye, shekara guda ƙanwata ba ta taka gidana ba. Daga ƙarshe ƙasa da rabin kuɗi na sayar da lasisin. Su masu ƙungiya ko kwabo ba su rasa ba, kuɗin talabijin na shigo musu ko sun ci ko an cinye su.

Maman Ummi: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Yanzu kun shirya da ƙanwar taka?

Alhaji Direba: Mun shirya Hajiya, amma da shi sai gaisuwa.

Bakatsine: Wallahi shi ya sa haɗa kuɗi da suruki bai taɓa yi mini ba.

Baban Khalil: Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Mu dai babu lasisi a namu, tikiti ne kawai, kuma abokin aiki ne. Tambayata kan yaron nan mai cafe ƙwallo ce.

Injiniya: Abin da ya sami Alhaji yana da dalili a ƙa'ida. Kuɗin sa hannu ana biyan ɗan wasa nan take, amma a littafi ana raba shi har shekara biyar. In ka sallame shi kafin lokaci, duk ragowar ta faɗo maka, sai dai in bayan 1 ga Yuni ne a raba ta shekara biyu. Shi ne mataccen kuɗi, kamar mai biyan hayar gidan da ya riga ya tashi daga ciki. Amma ba kullum yake kashe ƙungiya ba. Broncos sun sallami kwatabak ɗinsu Russell Wilson a Maris 2024 da mataccen kuɗi miliyan 85, ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin. Ya tafi Steelers yana karɓar ɗan abin da bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, Broncos na cika masa sauran. Duk da haka suka ci wasa 10 da sabon kwatabak Bo Nix, suka shiga wasannin kifa ɗaya ƙwala karon farko tun kakar 2015.

Alhaji Direba: Injiniya, kai daga Kano kake karanta lambobi a waya. Ka taɓa biyan dala 60 na fakin ka zauna cikin sanyi ana lallasa ku? Gani ya kori ji.

Injiniya: Ban taɓa ba Alhaji, kuma ina girmama abin da ka gani. Amma zama a fili ba ya nuna wa mutum abin da ke cikin kwantiragi. Kuma abin da Baban Khalil ya tambaya ke nan.

Ɗan Zango: Fakin 60? Mu 35 ne, in ka yarda ka ɗan taka.

Na-Agadas: Ni ina bayan Alhaji. Wanda kuɗinsa ya ƙone shi ya fi cancanta a saurara. Ku dubi Browns, miliyan 230 garanti gaba ɗaya suka ba kwatabak Deshaun Watson a 2022, ga zaɓin zagayen farko na diraf har uku da suka miƙa wa Texans don su same shi. Masu lissafi ne suka zauna suka tsara wannan. Sai ya zama ba dama a sallame shi, kowace shekara aka riƙa sake tura nauyin gaba.

Sarkin Yaƙi: Jama'a ku dawo ƙwallon da ake bugawa da ƙafa mana. Wannan mutum hamsin da uku sun sa hular kwano suna kokawa a kan ƙwai ɗaya, har da bashin suruki. Baban Khalil, da 1,400 ɗin nan sai ka kai Khalil kallon Kano Pillars har ya yi aure.

Bakatsine: Hhhh Sarkin Yaƙi Allah ya shirye ka.

Malama Hadiza: Baban Khalil, ni zan faɗa maka abin da na gani a matsayina ta mai goyon bayan Chiefs. A Maris 2022 suka sayar da mai cafe ƙwallo Tyreek Hill ga Dolphins a kan zaɓin diraf biyar, saboda ga kwantiragin kwatabak ɗinsu Mahomes na shekara goma, ga Hill yana neman miliyan 30 a shekara. 'Ya'yana biyu kwana suka yi suna fushi. Ƙungiyar ta cike gurbi da yara masu arha daga diraf, ta ɗauki Super Bowl, kofin gasar, sau biyu a jere. Idan kwatabak ɗinku na gaske ne, sayar da yaron ba zai kashe ku ba. Idan kuma kuɗi kawai yake ci, ko sun riƙe shi ba abin da zai canja. Kwatabak ɗin za ka duba. Shawarata ɗaya, kada ka sayi sabon jesi da sunan yaron sai ka ga ya sa hannu.

Baban Khalil: Na gode Malama. Matsalar ita ce Khalil ba ruwansa da kofi, mutumin yake so. Kuma jesin har na sa a kwandon saye, dala 130.

Ɗan Zango: 130 na manne ne. Mai ɗinki 175.

Maman Ummi: Mu 45 muka samu a intanet.

Ɗan Zango: Wannan jabu ne Hajiya, wanki biyu lambar za ta ɓare.

Na-Agadas: Ni abin da ya fi ci mini rai ma ba tikiti ba ne. Mutum ya haƙura da fili ya ce zai kalla a gida, nan ma an bi shi. Wasan Alhamis yana manhaja ɗaya, na Lahadi wata, na Kirsimeti wata, har wasan kifa ɗaya ƙwala aka taɓa ɓoyewa a manhajar da sai ka biya. Na lissafa abin da nake cirewa a wata, ya fi kuɗin wutar gidana.

Injiniya: Daga nan iyakar albashin take fitowa ai. Yarjejeniyar talabijin ta 2021 ta haura dala biliyan 100 zuwa 2033, kuma 'yan wasa na da kusan kashi 48 cikin ɗari na kuɗin shiga. Mu nan kuma ga kuɗin data, ga Super Bowl sai wajen sha biyu da rabi na dare ake take shi, ga wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa.

Alhaji Direba: To kun ji. Kowace ƙofa aljihunmu take bi. Ni yanzu rediyon mota kawai nake kunnawa.

Bakatsine: Wai akwai wanda ya san ko mutum biyu a gari daban-daban za su iya raba asusun manhajar kallon wasannin Lahadi? Ƙanina ya ce an toshe shi makon jiya.

Maman Ummi: Mu ma an toshe mu, har da saƙo wai ba gida ɗaya muke ba. Bari maigidan ya dawo in tambaye shi yadda ya yi.