Tsohuwar 504 akori-kura mai bodin tifa: ta ina zan fara gyara?

Mai Bulo: Assalamu alaikum. Akwai Peugeot 504 akori-kura haɗin Kaduna da ta daɗe a ajiye a Kurna. An cire bodinta na asali an ɗora mata na tifa mai famfon batir 12V, wanda ke tura mai ya ɗaga bodin. Injin yana tashi, amma bodin sai ya ɗaga rabi ya tsaya, in an bar shi kuma ya riƙa saukowa da kansa. Bayanta ya ɗan zauna ta hagu. Yashi da tsakuwa nake so ta riƙa kai mini. Masana, in sayi sabon famfo ne?

Bakaniken Kwakwachi: Wa alaikumus salam. Alhaji, bar maganar famfo tukuna, zaman nan na hagu shi ne abin tsoro. A sauke bodin gaba ɗaya, a wanke shasi, a bi shi da burushin waya da guduma. Inda ƙarfe ya yi ƙarar kwalba yana da rai, inda ya yi ƙarar kwali tsatsa ta cinye shi. Wuri biyu za ka fi dubawa: bayan kan mota, da ƙarshen shasi inda mahaɗin da bodi ke juyawa a kansa yake, domin idan bodi ya miƙe nauyin kaya can yake komawa. A auna shasin kusurwa zuwa kusurwa, in awon biyu bai zo ɗaya ba ya murɗe.

Yawancin masu ɗora irin wannan bodi walda suke yi kai tsaye a kan shasi, kuma nan tsagewa take farawa. Daidai shi ne a yi masa ƙaramin firam na ƙarfen chanel, a ɗaure shi da noti mai lamba 8.8 ta gefen shasi. Kada a huda leɓen shasin na sama ko na ƙasa. Sifirin kuma a canza hagu da dama tare, da robobinsu. Ƙara wa sifirin ganyen ƙarfe ɗaya ba laifi, amma ba ya ƙara wa aksil ko birki ƙarfi.

Mai Wayarin: Tsayawa a rabi sau da yawa wuta ce. Wannan famfo yana jan amfiya 150 zuwa sama da 200 in da kaya, siririyar waya ba ta iya masa. A sa waya mai kaurin 35mm² daga batir, a ja wata irinta ta dawo kan batir ɗin, kada a dogara da shasi mai tsatsa a matsayin at, wato hanyar dawowar wuta. Fiyus babba kusa da batir. Sa mita a kan injin lantarkin da ke juya famfon lokacin ɗagawa: in wuta ta faɗi ƙasa da volt 10, waya ce ko batir ko solenoid (makunnin da ke ba famfon wuta) da ya ƙone ciki. Kuma a ɗaga bodin injin mota yana aiki.

Injiniyan Sharaɗa: Na yarda da su, sai dai a fara duba mai, shi ya fi arha. Ana duba shi ne bodi yana ƙasa. In ka cika tanki bodi yana sama, zai yi ambaliya in ya sauko. Mai ya yi ƙasa, famfo ya ja iska, bodi ya tsaya ko ya riƙa tsalle. In ya koma kamar madara ruwa ya shiga, a zubar, a wanke tanki da rariyarsa, a zuba man haidirolik lamba 46, wanda ya dace da zafin Kano. Ban da baƙin mai, ban da man birki, yana cinye sil.

Saukowa da kansa kuwa, in ba ka ga mai yana tsiyaya a jikin silinda ko tiyo ba, galibi datti ne ya hana bawul ɗin saukarwa ko na riƙewa rufewa. Ƙurar hunturu ta murfin tanki take shiga. Sandar silinda in ta yi ramukan tsatsa, sabon sil ba zai daɗe ba, gara a nemi wata a Ƙofar Ruwa. Don Allah kada wani ya ɗaure maka bawul ɗin kariya, mai sakin mai in matsi ya yi yawa, wai don ya ƙara ƙarfi, tiyo zai fashe. Kuma kada yaron gareji ya sa kai ƙarƙashin bodi sai an tokare shi da ƙarfe.

Bakaniken Kwakwachi: Ƙari ɗaya, Alhaji. Bodi mai tsawon mita 2, faɗin 1.5, zurfin 0.4 yana cin yashi kusan tan biyu, jiƙaƙƙe ya fi haka. Motar nan kayanta bai wuce kusan tan ɗaya ba, kuma nauyin bodin tifan yana ciki. A ja layin fenti ƙasa da rabin bodin, masu lodi su tsaya nan. Juyewa kuma a kan ƙasa mai laushi ko gangare ba a yi, gefe take faɗuwa.

Mai Bulo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar za a sauke bodin, zan turo hoton shasin ku gani kafin a taɓa walda.