Me ya hana mawaƙanmu kama sunan munafuki?

Maɗinki, Kasuwar Bacci:
Assalamu alaikum. A shagona ba a kashe rediyo daga safe har magariba, kuma na lura duk lokacin da mawaƙi ya shiga batun mai fuska biyu, wanda zai ci tuwo da kai ya koma gefe ya ci namanka, sai yaran shago su tsayar da keke su yi tsit, wani ma ya girgiza kai. Tambayata ita ce, tunda ran mawaƙin ya ɓaci haka, me ya hana shi kama suna? Wannan ɓoye-ɓoyen ba shi ma wani munafuncin ba ne?

Malamin Hausa, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan habaici ne, kuma ya bambanta da zambo. A zambo mawaƙi yakan muzanta siffar mutum har kowa ya gane shi, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa 'yan sarki masu ja da ubangidansu. Shi kuwa habaici hali yake bi: a ce Musa a baki Fir'auna a zuci, ko kura da fatar akuya, a bar kowa da zuciyarsa, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da an kama suna, da waƙar ta mutu ranar da rigimar ta mutu. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma har gobe mutum yakan ji kalangu ko kuntigi ya tuna da wanda ya ci amanarsa makon jiya.

Uwargida, Unguwar Rimi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ya tsallake mu mata. A kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge, macen da kunya ta hana ta tanka wa kishiya ko dangin miji takan samu bakin magana. Na ga wata baiwar Allah a gidan biki, ana zuwa baitin masu dariya a gaba da yanka a baya, ta miƙe ta yi liƙi idonta cike da ƙwalla, ba ta dubi kowa ba, alhali duk tsakar gidan an san da wadda take.

Ɗalibi, Rigasa:
Baba maɗinki, ni ina ganin tambayarka tana nan daram. Hadisi ya lissafa alamomin munafuki uku: ƙarya, saɓa alkawari da cin amana. To, mawaƙin siyasar da ya wasa ɗan takara bana, ya koma yi masa zambo baɗi saboda an canza mai biya, da wane baki zai yi wa wani habaicin fuska biyu? Ni irin wannan waƙar ko an sa a mota sai in roƙi direba ya canza.