Wif ko bota aisin: wanne ke jure zafin Sakkwato?

Maman Hanan, Mabera:
Assalamu alaikum masu kek. Bazara ta kama, biki kuma bai tsaya ba. Don Allah kowa ta faɗi abin da ta gani game da kirim marasa madara: wif (kirim ɗin da ake bugawa ya tashi) na hoda, wato na gari, wif na ruwa mai kwali, da bota aisin (mai da garin suga da aka buga) na majarin da shotenin (farin mai daskararre). Wanne ke tsayuwa, wanne ke zubewa?

Hajiya Kulu, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Wif na gari shi ya fi dacewa da mu, don ba ya neman firij kafin a haɗa shi. Galibi kwalin na cewa kilo 1 ga lita 2 na ruwan sanyi. Wanga awon na cika tsakiyar kek ne. In fure za ki fitar da nozul (bakin da ake sa wa jakar matsa kirim), rage ruwan: giram 500 ga mililita 800. Ruwan ya zan na ƙanƙara sosai, kwano da kan miksa su yi minti 15 cikin firiza. Minti ɗaya a hankali har garin ya jiƙe, sannan ki ƙara gudu minti 3 zuwa 5. Man da ke ciki, galibi na ƙwallon kwakwar manja, sai yana da sanyi yake riƙe iska. In ruwan randa anka sa, ko awa guda anka yi ana bugu ba ya tashi.

Anti Luba, Arkilla:
Hajiya, na ruwa ya fi santsi a jikin kek, wannan ba musu. Amma iri biyu ne, kuma nan ake ruɗewa. Akwai mai zuwa a daskare irin Rich's, wanda ake narkarwa cikin firij kwana ɗaya zuwa biyu, ba a rana ko cikin ruwan zafi ba. Akwai irin Ambiante da ba a daskarar da shi, sai dai ya kwana a firij kafin bugu. Kowanne aka yi wa tarbiyyar ɗan'uwansa, sai ya tsinke ko ya yi gudaji. A girgiza kwalin kafin a zuba, a buga da matsakaicin gudu. Gudu mai yawa na cusa manyan kumfa, ki shafa ki ga ramuka kamar soso. Da sheƙin ya fara dushewa, kan miksa ya fara barin sawu, a tsaya.

In ya wuce, kada a zubar. A zuba cokali 2 ko 3 na wanda ba a buga ba, a juya da hannu, zai dawo.

Maman Hanan:
Anti, to me ke sa ya yi kyau a kwano, amma furen ƙarshe ya fito da baki a yayyage?

Anti Luba:
Zafin tafin hannunki ne, ƙanwata. Kada ki cika jaka, rabi ya isa. Ki yi jaka biyu, ɗaya a hannu ɗaya a firij, kina musanyawa. Kuma ki riƙa bugawa kaɗan-kaɗan, don wanda ya zauna a kwano cikin ɗaki mai zafi yakan bushe ya yi ramuka.

Malam Nasiru, Gawon Nama:
Hajiyoyi, ku yi mini haƙuri, duk wif ɗan ɗaki ne. Kek ɗin da za a aje ƙarƙashin rumfa watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, bota aisin ko ganash (haɗin cakulet da kirim) kawai za su kai shi. Bota ta gaske tana narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, shotenin kuwa sai ya haura 45. Awon da nike bi: mai giram 500, aisin suga kilo 1 da anka tankaɗe, ruwa cokali 2 zuwa 3. Da hunturu, rabi majarin rabi shotenin. Da bazara, kashi uku shotenin, kashi ɗaya majarin. A buga man shi kaɗai har ya yi haske kafin suga ya shiga, in ba haka ba ana jin shi kamar rairayi a haƙori. Aibinsa guda: tun da shotenin ba ya narkewa da ɗumin baki, yana barin maiƙo a ganɗa. Shi ya sa kuke ganin an ci kek an ture aisin gefen faranti. A shafa shi siriri, tsakiyar kuma a sa jam.

Hajiya Kulu:
Malam, ka manta da kala. Majarin rawaya ta, ka sa shuɗi ya koma kore. Mai son hwari tas ko shuɗi mai haske, sai shotenin zalla ko wif. Ɗigon shunayya da bakin tsinken sakace na kashe rawayar, amma ɗigo ɗaya. A wif kuma kalar jel za a sa, ta ruwa tana tsinka shi. Ja da baƙi kan farin wif suna zuba in kek ya yi gumi, don haka a sa su daf da tafiya.

Maman Sadiq, Gwiwa:
Abu biyu. Kada a ɗora fondan (kwaɓin suga da ake murzawa a lulluɓe kek) kan wif, ruwan da ke cikinsa zai narkar da sugan fondan daga ƙasa, ya yi danƙo ya zame. Ƙarƙashin fondan sai bota aisin ko ganash. Ganash kuma ana iya yinsa da wif na ruwa da ba a buga ba: baƙin cakulet kashi 2, wif kashi 1, a ɗumama kaɗan a juya. Da bazara a kai cakulet ɗin kashi 3.

Na biyu, in mai oda ta ce ɗanta ba ya shan madara, a karanta bayan kwali. Da yawa cikin waɗanda aka rubuta ba madara suna da sinadarin kazin, wanda daga madara ake cire shi. Haka wasu majarin da cakulet.

Maman Hanan:
Masu yi da madarar kwakwa fa?

Maman Sadiq:
Man kwakwa na narkewa tun wajen digiri 24. Nan garin sai dai a kofi, daga firij zuwa baki.

Malam Nasiru:
Bota aisin ma yana da lokacinsa. Da hunturu yana yin ɓawo cikin 'yan mintuna, sai a gama goge shi da sauri, kuma a sa allo mai kauri ƙarƙashin kek, don in ya lanƙwashe ɓawon tsagewa zai yi. Yuli da Agusta kuwa gumi ne matsalar. Kek ya fito firij cikin kwalinsa a rufe, raɓar ta sauka kan kwali.

Maman Hanan:
In mai biki ta nace sai wif, kuma daga Mabera zuwa Wamakko za a kai?

Hajiya Kulu:
Kek mai hawa ɗaya kaɗai ki yarda da shi. Ya kwana a firij, in an ɗauke wuta kada a buɗe. Ki sa shi cikin babbar kula, ƙanƙara cikin leda ƙarƙashin allo, a kai da mota ba kabu-kabu ba, da sassafe ko bayan magariba. Ki tambaye ta tun wurin karɓar oda ko akwai firij can, da ƙarfe nawa za a yanka.