Neman kalma: tabaran da ake ɗura wa mai a saita ƙarfinsa

Mai Fassara, Ɓaɓura: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shirin rediyo kan lafiyar ido, kuma a ciki akwai tabaran nan da Farfesa Joshua Silver na Oxford a Ingila ya ƙirƙiro, wanda mai shi ke saita ƙarfinsa da kansa. A Turance likwid lens ake ce masa. Masu fassara sun saba kiran lens "ruwan tabarau". To in ce "ruwan tabarau mai ruwa"? A taimaka da suna gajere.

Jami'ar Ido (ma'aikaciyar lafiyar ido), Ringim: Wa alaikumus salam. Malam, cire "ruwa" gaba ɗaya. Man silikon ne a ciki, tsakanin tantanin roba biyu masu shara-shara da aka ɗame a kan zobe, da murfin roba mai tauri gaba da baya. Kowane hannu na tabaran yana da ɗan sirinji. In ka tura mai, tantanin ya kumbura, ƙarfi ya koma na ƙari, na wanda ba ya ganin kusa. In ka zuƙe, ya lotsa ciki, ya zama na ragi, na wanda ba ya ganin nesa. Yana kaiwa wajen dayofta 6 ta kowane ɓangare, dayofta kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin tabarau. In an gama a ɗaure sukurun, a cire sirinjin. Ka ce ruwa a rediyo, ran da ya yi yoyo wani zai ɗura masa na rijiya.

Malamin Fiziks, Gwaram: Kuma ba zai yi ba. Ƙarfin lanƙwasa haske na ruwa 1.33 ne, na wannan man wajen 1.58. Da ruwa sai tantanin ya kumbura kusan ninki biyu kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. A zobe mai faɗin milimita 42, kowane dayofta ɗaya yana cin kusan kwatan mililita na mai. Shawarata: "tabarau mai mai".

Mai Fassara: Mai mai? Mai gabatarwa zai yi in'ina.

Dattijon Hausa, Dambatta: Ku saurara yarana. Hausa tana da awonta: mantau, jimrau, hanau. Abin da ke kumbura sai a ce masa KUMBURAU. Kalma ɗaya, ta hau bakin tabarau daram, babu aro ko ɗigo.

Jami'ar Ido: Allah ya ƙara girma Baba, kalmar ta yi daɗi, amma rabin aikin kawai ta faɗa. Ɗalibin da ba ya ganin allo lotsawa yake bukata, ba kumburi ba. Sannan a asibiti kumburin ido ciwo ne. Babu uwar da za ta sa wa ɗanta kumburau a fuska.

Dattijon Hausa: Ai suna ba bayani ba ne, 'yata. Damuwata ita ce ku masu boko kun fi yarda da silikon da sirinji da dayofta a kan abin da harshenku ya haifa. Bafaranshe yana ƙera kalmarsa ba ya neman izinin kowa. Mu sai Bature ya sa hannu.

Malamin Fiziks: Allah gafarta malam, Faransa da kuka ambata ma tana da nata iri, wanda Bruno Berge ya yi a kamfanin Varioptic: ɗigon mai da ruwa masu nauyi ɗaya a ƙaramin gida, lantarki ne ke lanƙwasa iyakar da ke tsakaninsu, babu sirinji. Shi ake sa wa na'urar karanta lambar kaya da ƙananan kyamarori. Akwai kuma na Luis Alvarez, faranti biyu da ke zamewa kan juna, babu mai sam. Kumburau ba zai ɗauki waɗannan ba.

Dattijon Hausa: Waɗannan ba su shigo kasuwar Dambatta ba tukuna. In sun zo ma yi musu suna.

Jami'ar Ido: Malam Mai Fassara, abin da ya fi sunan muhimmanci kada shirin ya yi alkawarin da tabaran ba zai cika ba. Tantanin yana lanƙwasa daidai wa daida ta kowace fuska, shi ya sa gilashin dole zagayayye ne, kuma ba ya gyara astigimatizim, wato idon da gabansa ya yi siffar ƙwai maimakon ƙwallo. A tsakiya gani yana fita tas, kusa da na tabaran likita, amma ta gefe yana dusashewa in ƙarfin ya yi yawa. Nauyin man yakan ɗan rinjayi tantanin zuwa ƙasa, kumfar iska in ta shiga tana tsayawa a gaban gani. Wajen saiti a rufe ido ɗaya, a tsaya mita 6 daga allon gwaji, a fara cika mai har gani ya yi hazo, sannan a riƙa zuƙewa a hankali, a tsaya da zarar harafi ya fito. In aka wuce nan, idon yaro zai yi ta ƙoƙarin cike gurbin, ya ga kamar ya yi, daga baya ciwon kai ya biyo. Kuma a faɗa ƙarara: ba ya maganin yanar ido, ba ya gano hawan jinin ido. Ni dai "tabarau mai saiti" nake so, don ya ɗauki duka ukun.

Dattijon Hausa: Saiti! Wani aron kuma. "Daidaito" ta mutu ne?

Mai Fassara: Baba, direba da makanike da mai injin niƙa duk saiti suke cewa. Zan rubuta "tabarau mai saiti", a ambaton farko in ƙara "wanda ake ɗura wa man silikon". Sunan gilashin shi kaɗai bai samu ba, zan kauce masa a wannan makon.

Dattijon Hausa: Ka sa don Alhamis ɗinka. Amma ko sau ɗaya ka ce "wasu na kiransa kumburau", mu ji wanda mutane za su ɗauka.

Jami'ar Ido: Baba, in zai faɗa, ya faɗa bayan ya yi bayanin lotsawa.