Ana cire min kuɗin fansho amma ba ya shiga asusuna, ga kuma tayin sabon aiki

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ina aiki a sashen lissafi na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Mai kamfanin aminin marigayi babana ne. Shi ya ɗauke ni bayan na gama hidimar ƙasa ina zaman kashe wando, shi ya tsaya min a wajen aurena, har buhun shinkafa yake aiko wa mahaifiyata duk azumi, kuma shi ya biya min kuɗin wani kwas. Kowane wata takardar albashi tana nuna an cire 8% na fansho. Da na karɓo bayanin asusuna, sai na ga tun farkon bara ko sisi bai shiga ba. Yanzu wani wuri a Kaduna sun yi min tayi, albashin ya fi. In tafi? In na tafi kuɗin ya bi ruwa ke nan?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ba abin kunya ba ne, haƙƙi ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce kai 8%, kamfani 10%, kuma a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya riƙe, akwai tarar da ba ta gaza 2% na kuɗin ba a kowane wata. Ka ga ba naka kaɗai aka riƙe ba, har nasu kason. Asusun kuma naka ne, lambarka ɗaya duk inda ka koma, sai dai ka miƙa wa sabon wurin. Haɗa takardun albashinka da bayanin asusun ka rubuta wa PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa. Sannan ka kama hanyar Kaduna.

Maman 'Yan Biyu: Hmm, ku dai kuna da wurin kai ƙara. Maigidana ya yi shekara 35 yana koyarwa, har yau garatuti shiru. Kullum a ce tantancewa, ya ɗauki fayil a leda ya je ya wuni a benci. Allah ya isa kawai.

Ɗan Fagge: Baba Akawu, da girmanka amma ban yarda ba. Mutumin da ya riƙe ka kamar ɗa za ka kai ƙara? Gobe da wane ido mahaifiyarka za ta kalle shi? Ka samu kawunka ku je gida ku same shi bayan Magariba.

Baban Ummi: Ni ma abin da nake gani ke nan. Alhaji ba macuci ba ne wallahi, kasuwa ce ta juya tun da aka cire tallafin mai a 2023. Dizal kaɗai ya isa ya karya mutum.

Tsohon Akawu: Kasuwar ta hana a tura, amma ba ta hana a cire ba? Ya daina cirewa mana. Kuɗin nan juya shi ake yi yana haihuwa, duk watan da bai shiga ba ka yi asarar ribarsa. Kuma direbobi da masu lodi da ba su san ma ana duba asusu ba fa? Kai da kake sashen lissafi, shirunka ya shafe su.

Anti Malama: Tsaya tukuna ƙanena. Kwas ɗin nan, ka sa hannu a wata takarda cewa za ka zauna wasu shekaru? Kuma na Kaduna sun ba ka takardar ɗauka a rubuce, ko a waya ne?

Baban Ummi: Baba, albashi ba ta hannuna yake bi ba, ɗan Alhaji ne yake yi. Anti, na sa hannu a wani abu lokacin, amma kwafin yana ofis. Ai ba zan je ina tambaya ba yanzu, za su gane.

Ɗan Fagge: To ka yi istihara ka zauna. Kaduna haya za ta cinye ƙarin.

Tsohon Akawu: Ya zauna a ci gaba da cirewa?

Baban Ummi: Na gode duka. Ranar Litinin suke son amsa, kuma ban ma gaya wa Hajiya ba tukuna.