"Hankali ke gani, ido gululu ne": ko mai bin Almasihu zai iya kafa hujja da ita?

Malamin makarantar Lahadi, Billiri:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ranar Lahadin da ta wuce ina koya wa ajin matasa labarin Toma a Yahaya 20, inda Ubangiji ya ce masa masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya. Don in kawo maganar kusa da su, sai na jawo karin maganar nan da ke cewa, "Hankali ke gani, ido gululu ne." Ban rufe baki ba sai wani yaro da ke karatun jami'a a Gombe ya ɗaga hannu ya ce, in dai hankali ne ke gani, to, abin da hankali bai kama ba babu shi ke nan, kuma shi nasa hankalin bai kama yadda matacce zai tashi a rana ta uku ba. Da aka tashi kuma, wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya gargaɗe ni kada in sake kawo wannan magana cikin majami'a, tunda Karin Magana 3:5 ta ce mu dogara ga Ubangiji da zuciya ɗaya, kada mu jingina ga namu sani. Yaro ya ja ta gabas, dattijo ya ja ta yamma, ni kuwa na rasa ta cewa. Ina roƙonku ku warware mini ma'anarta, ku kuma faɗa mini ko na yi kuskure da na kawo ta.

Dattijon ikilisiya, Kaltungo:
Ɗana, ni ina bayan dattijon da ya ja ka gefe. Karin maganar Bahaushe tana da wurinta a kasuwa da gona da zaman sulhu, amma ba kowace ce ake shiga da ita ɗakin sujada ba. Manzo Bulus ya faɗa a 1 Korantiyawa 1 cewa duniya ba ta san Allah ta wurin hikimarta ba, Ubangiji da kansa kuma ya gode wa Uba a Matiyu 11:25 domin ya ɓoye waɗannan al'amura ga masu hikima ya bayyana su ga jarirai. Na ga yaran da muka goya cikin ƙungiyar mawaƙa, muka sayar da awaki muka biya musu makaranta, suka dawo suna yi wa iyayensu kallon jahilai saboda suna durƙusawa su yi addu'a. Mahaifiyata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ban ga mai ilimin da ya kai ta tsayawa cikin wahala ba. In ka koya wa yaro cewa hankali ne ke gani, gobe zai mai da hankalinsa alƙali a kan Maganar Allah.

Uwar zumuntar mata, Tula:
Baba, ku yi mini haƙuri in sa baki, domin na lura ana ta jayayya a kan hankali, ba wanda ya tambayi mene ne gululu, kuma ina shakka ko yaron nan na jami'a ya taɓa ganinsa. Ni na yi kaɗi tun ina yarinya, lokacin da auduga ke cika kasuwannin Gombe da Kumo. Gululu ɗan dunƙulen yumɓu ne da aka gasa, mai huda a tsakiya, wanda ake sokawa a gindin mazari. Bayan an gurje auduga an shiɓe ta, mace za ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari da hannun dama, hagu kuma yana jan audugar a hankali. Nauyin gululun ne ke sa mazari ya daɗe yana juyawa. In ka cire shi, mazari zai yi tangaɗi ya faɗi, zare kuma ba zai murɗu ba. Amma gululu bai san ko abawa ake kaɗawa ko siririn zare ba, kuma bai san inda zare ya yi kauri ko inda zai tsinke ba. Yatsun mai kaɗi ne suka san wannan.

Saboda haka, a nawa ganin, wanda ya fara yin wannan karin magana ya kwatanta ido da gululu ne saboda siffarsu ɗaya, ga zagaye ga ɗigo a tsakiya, kuma bai ce a ƙwaƙule ido a yar ba. Abin da ya ce shi ne, ido yana juyawa ne kawai, wani ne ke sarrafa shi. Mu a gida, lokacin da ake faɗa mana ita shi ne in an aiki yarinya ta ɗauko ludayi, ga shi a gabanta tana ta dube-dube domin zuciyarta na wurin wasa. Ban taɓa jin an yi amfani da ita a ce hankalin mutum ya fi Allah ba.

Malamin Hausa, Yelwa, Bauchi:
Mama ta gama rabin aikin, bari in ɗora a kan kalmar hankali, domin a can ne yaron ya zame, kuma da izininku, Baba, ina ganin a can ne ku ma kuka ɗan zame. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, kuma a can tushenta yana da dangantaka da igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Tun daga asali ke nan, hankali abu ne da ke riƙe mutum kada ya yi gaba gaɗi. Ku dubi yadda muke amfani da ita. Muna cewa yaro ya yi hankali, ba domin ya ci jarrabawa ba, sai domin ya san babba ya san ƙarami. Muna cewa a yi a hankali, a mai da hankali, a ja hankalin wane, hankali ya kwanta ko ya tashi. Akwai mai digiri biyu da za a ce ba shi da hankali, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Abin da Baba ke tsoro, Bahaushe yana da wasu sunaye da yake ba shi: wayo, da ji da kai, da iya yi. Mahaifiyar da Baba ya ambata, in aka tambayi mutanen garinsu, na tabbata mai hankali za su kira ta.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na ɗan nan ɓatacce a Luka 15. Idonsa biyu ya karɓi gādo, idonsa biyu ya ɓarnatar da shi, amma bai ga halin da yake ciki ba sai ranar da ya dawo cikin hankalinsa a tsakiyar aladu. A ranar ya zauna ya yi lissafi: barorin ubana suna ci har su bar saura, ni kuwa ga ni yunwa za ta kashe ni. Tubansa da tunani ya fara.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:
Ni ba malama ba ce, amma ina so iyayenmu su ji inda rashin wannan karin magana ya kai gidanmu. Gwaggona tana da ciwon sukari, shekara da shekaru tana shan maganinta lafiya lau. Sai aka kai ta wani taron addu'ar dare, inda mai wa'azin ya sa aka fito da mutane suna faɗuwa, aka nuna sandunan guragu da aka ce an jefar, aka sayar mata da 'yar kwalbar mai, aka kuma ce mata komawa ga ƙwayar asibiti alamar ƙaramar bangaskiya ce. Da na yi mata magana sai ta ce, "Ke dai boko ya cinye ki, ni da idona na gani." Bayan wata biyu aka kawo mana ita a sume, ƙafarta ta riga ta ruɓe har sai da aka yanke yatsu biyu. Ina wanke mata ciwon tana kuka tana cewa ita ta ɗauka tambaya zunubi ce. Baba, mutanen da ke cin kasuwa da sunan Yesu ba hankalin jama'a suke nema ba, idonsu suke nema, kuma ayoyin da suka fi so su ji a bakinmu su ne waɗanda kuka kawo, in an yanke su daga sauran Littafi. Ai 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Da me za a gwada su in an ajiye hankali a bakin ƙofa tare da takalma?

Dattijon ikilisiya, Kaltungo:
'Yata, Allah ya ba gwaggonki lafiya, kuma ban musa miki ko kalma ɗaya ba. Malam ma na karɓi gyaransa a kan bambancin hankali da wayo. Sai dai har yanzu ba a amsa wa yaron Billiri ba. Shi ba kwalbar mai ya ƙi ba, tashin Almasihu ya ƙi, kuma da wannan karin magana ya ƙi shi. In ma'aunin da ya kori mai sayar da mai shi ne zai auna kabarin da aka tarar babu kowa, ina za a tsaya? Wannan nake so masu ilimin cikinmu su faɗa mini.

Fasto mai ritaya, Tafawa Balewa:
Yayana, tambayarka ta girmi dukanmu. Wajen shekara ta 200, Tatuliyan, wani marubucin ikilisiya na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tambaya me ya haɗa Atina da Urushalima, wato me ya haɗa falsafar Helenawa da bangaskiya. Abin dariyar shi ne, da kaifin hujja irin ta masu shari'a ya yi ta kare wannan matsayi nasa. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya bi wata hanya: ya ce ka ba da gaskiya domin ka fahimta, amma ya kuma lura cewa ba mai ba da gaskiya ga abu sai ya fara tunanin ya cancanci a gaskata shi. Ansalam, babban bishop na Kantabiri a Ingila, da ya rasu a 1109, ya kira abin bangaskiya mai neman fahimta.

Amma ni Luka 24 ce ta fi warware mini. Almajirai biyu suna tafiya Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11 daga Urushalima, Yesu yana tare da su, suna kallonsa, ba su gane shi ba. Ga ido ya zama gululu sosai. Me ya yi musu? Bai ce su daina tunani ba. Ya faro daga Musa da annabawa yana yi musu bayani aya bayan aya, sai a wurin gutsura gurasa suka gane shi. A aya ta 45 kuma an ce ya buɗe hankalin almajiran domin su fahimci Littattafai. Ashe hankali ke gani, gaskiya ne, amma shi ma hankalin yana iya kasancewa a rufe, kuma ba shi ke buɗe kansa ba. Kuskuren yaron shi ne ya ɗauka iyakar abin da hankalinsa ya saba da shi ita ce iyakar abin da zai yiwu.

Kada kuma mu manta da tarihinmu. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da suka iso Kaltungo a 1917 ba su tsaya ga wa'azi kaɗai ba, sun zauna koyon harshe da koyar da karatu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi shekaru a kansa tare da abokan aikinsa. A ƙauyenmu, tsofaffi masu furfura sun zauna a ƙasa suna haɗa baƙi da wasali a ajin baftisma don su karanta da kansu. Wanda yake so mutane su bi shi ido rufe ba ya wahalar koya musu karatu.

Ɗalibar tauhidi, Bauchi:
Baba Fasto, ku gafarce ni, akwai inda ban gamsu ba. In muka ce wa yaron ya fara ba da gaskiya kafin ya fahimta, ai mai sayar da man nan ma abin da ya faɗa wa gwaggon 'yar'uwarmu ke nan. Ta yaya mai neman gaskiya zai bambance kiran Almasihu da kiran ɗan damfara, tunda dukansu "gaskata tukuna" suke cewa?

Fasto mai ritaya, Tafawa Balewa:
'Yata, bambancin yana wurin yadda kowannensu ke karɓar tambaya. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 sun saurari Bulus, suka koma suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, aka kuma yabe su a kan hakan. Shi Bulus ɗin, a 1 Korantiyawa 15, ya jera waɗanda suka ga Ubangiji bayan tashinsa, har da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ce yawancinsu suna da rai, wato mai shakka ya je ya tambaye su. Ya ƙara da cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce. Ɗan damfara ba ya nuna maka inda za ka kama shi. Toma ma ba a kore shi ba, an nuna masa hannuwa da haƙarƙari. Ban ce wannan zai sa yaron ya durƙusa ranar Lahadi ba, domin hujja tana kai mutum bakin kogi ne, shiga ruwan kuwa wani abu ne dabam. Amma a bar shi ya yi tambayarsa a cikin aji, kada a kore shi ya je ya yi ta a inda ba mai amsa masa.

Malamin makarantar Lahadi, Billiri:
Na gode, iyayena. Zan koma wurin dattijonmu tukuna in karanta masa abin da Baba na Kaltungo da Malam suka rubuta, domin ba na so ya ji kamar na tsallake maganarsa. In ya yarda, darasin mako mai zuwa Luka 24 ne, kuma zan ba yaron 1 Korantiyawa 15 ya karanta ya zo da duk tambayar da ta taso masa. Mama, in har yanzu kuna da mazari da gululu a ajiye, ina roƙon aro. Ƙanena yana zuwa Kaltungo ranar kasuwa, zai iya hawowa Tula ya karɓa.

Uwar zumuntar mata, Tula:
Akwai guda biyu a cikin tsohuwar taskirata, ɗaya gululunsa ya tsage. Ka ce masa ya karɓi dukansu, ka ba yaron wanda ba shi da gululu ya fara murzawa.